Inda tsaga za ta nufa: lissafin tafiyarta a cikin ƙarfe da kankare

Duk wanda ya saba duba shasin tirelolin da ke dakon shinkafa tsakanin Argungu, Jega da Yauri, ko shaf ɗin injin casa, ko bangon gidan da aka gina a kan lakar fadama, ya san tsaga ba ta tafiya da ka. A shasi, daga gindin walda ko bakin ramin noti take tashi. A bango, daga kusurwar taga take farawa ta haura a karkace. A shaf kuwa wani lokaci ta yanke shi a miƙe, wani lokaci ta nannaɗe shi a murɗe. Tambayoyin da injiniya ke yi uku ne: za ta motsa? Da wane sauri? Ina za ta nufa? Biyun farko takarda da kalkuleta sun ishe su a lokuta da yawa. Ta ukun ita ce ke kai mutum ga kwamfuta, kuma a can ne ake yawan samun hoto mai kyau da amsar banza.

Ƙarfin da ke kan kowace murabba'in milimita ta cikin abu zan riƙa kiransa tsanani, ana auna shi da megafaskal (MPa). A 1913 Inglis ya nuna cewa rami mai siffar ƙwai yana tara tsanani a bakinsa, kuma gwargwadon tsinin bakin, gwargwadon taruwar. Matsalar ita ce in aka bi lissafinsa har ƙarshe, tsaga mai kaifi sosai za ta ba da tsanani marar iyaka, wato ko ɗan nauyi ya isa ya karya komai, alhali ba haka ake gani ba. Griffith, da ya yi gwajinsa a kan gilashi, ya warware wannan a 1921: tsaga tana ci gaba ne kawai idan kuzarin da abin zai saki ya kai wanda ake bukata don buɗe sabuwar fuska. A 1957 Irwin ya dunƙule maganar cikin lamba ɗaya da ake kira K, wadda ke faɗin yadda bakin tsaga yake a takure. Ga tsagar da ta shigo daga gefen faranti mai faɗi, K = 1.12 × σ × √(πa), inda σ shi ne tsananin ja, a kuma tsawon tsagar da mita. Kowane abu yana da iyakar K da yake jurewa: gilashi ƙasa da 1, kankare wajen 1, ƙarfen gini daga 50 zuwa sama da 100, duk a ma'aunin MPa√m.

Amma ƙarfe ba kasafai yake karyewa a ɗauka ɗaya ba. Gajiya ke kashe shi, a ɗora a sauke, a ɗora a sauke, tsagar na ƙara ɗan tsawo a kowane zagaye. Dokar Paris, daga farkon shekarun 1960, ta ce ƙarin tsawon a zagaye ɗaya daidai yake da C × (ΔK)^m, inda ΔK shi ne bambancin K tsakanin ɗorawa da saukewa, C da m kuma lambobi ne da suka danganta da irin abin. Ga ƙarfen gini na yau da kullum ana ɗaukar m a matsayin 3, C kuma wajen 6.9 × 10^-12 idan tsawo da mita ne.

A ɗauki faranti mai tsagar milimita 2 a gefe, tsananin yana hawa daga sifili zuwa 100 yana sauka, juriyar ƙarfen kuma 60. Zai ɓalle idan tsagar ta kai wajen milimita 91. Daga 2 zuwa 91 zagaye kusan 700,000 ne. Abin lura shi ne rabon wannan lokaci: daga milimita 2 zuwa 10 kaɗai ya ci kusan 460,000, wato kashi biyu cikin uku na rayuwar. Ranar da yaron mota ya hango tsaga da ido tsirara, an riga an cinye mafi yawan kwanakin. Yanzu a ƙara lodi da kashi 20 cikin 100, kamar yadda ake yi wa tireloli a lokacin kaka: tsanani ya zama 120, rayuwar ta faɗo zuwa ƙasa da 400,000. Wannan "3" ɗin ce ke yin ɓarnar, don 1.2 sau 1.2 sau 1.2 ya haura 1.7. Lissafin ya ɗauka farantin yana da faɗi sosai. Idan tsagar ta ci wani babban kaso na faɗin, 1.12 ɗin nan hawa yake yi, kuma ƙarshen yana zuwa da wuri fiye da haka.

Ga shaf maganar daban ce. Motar lantarki mai juyi 1,450 a minti tana ba da zagaye 87,000 a awa ɗaya, don haka 700,000 aikin yini ɗaya ne. A nan ba a lissafin kwanaki. Ana tabbatar da cewa ΔK bai kai matakin da tsaga ke fara motsi ba, wanda a ƙarfe yake tsakanin 2 da wajen 6, kuma ga walda a ɗauki na ƙasan.

Abin da ke juya kan tsaga

Bakin tsaga yana fuskantar motsi iri uku. Akwai buɗewa, inda leɓunan biyu ke rabuwa, K na ɗaya ke nan. Akwai zamewa, inda leɓe ɗaya ke gocewa gaba ɗayan baya, K na biyu. Akwai yagewa, irin ta mai yadi a kasuwa idan ya ɗan ciza da almakashi ya ja hannu ɗaya gaba ɗaya baya, K na uku. A aikin faranti da bango, biyun farko ne ke mulki.

Ƙa'idar a taƙaice: tsaga ba ta son zamewa a bakinta. Muddin K na biyu ba sifili ba ne, za ta karkata har sai ta samu hanyar da buɗewa zalla ce. Erdogan da Sih a 1963 suka ba da lissafin da har yau aka fi amfani da shi: tsaga na bin ɓangaren da jan da ke kewaye bakinta ya fi ƙarfi. Idan K na biyu kashi 10 cikin 100 ne na K na ɗaya, karkatar digiri 11 ce da ɗan ɗori. Idan rabinsa ne, wajen digiri 40. Idan sun yi daidai, 53. Idan zamewa ce zalla, 70.5. Akwai wasu ƙa'idojin, ta mafi girman sakin kuzari da ta Goldstein da Salganik ta 1974, amma ga tsagar da ke lanƙwasa a hankali duk kusan hanya ɗaya suke nunawa. A ganina ɗalibin da ya shafe wata guda yana zaɓen ƙa'ida ya ɓata lokacinsa ne. Wurin da ya kamata ya zauna shi ne lissafin K ɗin kansa: kuskure a K na biyu da ya kai kashi 10 cikin 100 na K na ɗaya ya isa ya kautar da tsaga digiri 11, kuma wannan kautarwar taruwa take yi mataki bayan mataki.

Ana iya ganin ƙa'idar da ido da sandar alli. A lanƙwasa ta, ta karye a miƙe. A murɗa wata, ta karye a nannaɗe, a kusurwar digiri 45, domin a murɗi mafi girman ja yana kwance ne a wannan kusurwa. Shi ya sa fuskar karyayyen shaf take ba da labari. In ta yanke a miƙe, da layuka masu zagaye da suka taso daga wuri ɗaya a gefe, lanƙwasa ce ta kashe shi: bel ya yi tsauri, ko boris ya ci, ko ba a daidaita injin da motarsa ba. In a karkace ta bi, murɗi ne. Kafin a buɗe kowace manhaja, a fara karanta wannan fuskar, kuma kada a bari a goge ta ko a haɗa gutsattsarin biyu ana gwadawa, don gogayya na share layukan.

Akwai kuma abu na biyu da ake mantawa da shi, wanda ake kira T: tsananin da ke kwance a tsawon tsagar, ba a gicciyenta ba. Cotterell da Rice sun nuna a 1980 cewa idan T matsa ce, tsagar da ta ɗan kauce za ta dawo hanya. Idan ja ne, kaucewar ƙaruwa za ta yi. Wannan shi ke bayyana dalilin da ya sa in aka sa weji ana tsaga dogon abu daga baki, tsagar kan lanƙwasa ta fita ta gefe maimakon ta bi tsakiya. A irin wannan yanayi samfurin kwamfuta da gwajin gaske za su iya saɓawa ba don ɗayansu ya yi kuskure ba, sai don hanyar kanta ba ta da tabbas.

Duk wannan ya ɗauka abin iri ɗaya ne ta kowace fuska. Katako ba haka yake ba, tsagarsa jijiya take bi. Bangon bulo ma haka: lissafi zai ce a bi digiri 45, amma tsagar sai ta riƙa hawa kamar matakala tana bin layin kwaɓin siminti, don nan ne ya fi arha ta wuce. In kuwa bulon ne ya fi kwaɓin rauni, kamar yadda ake gani inda aka buga bulo da yawa daga buhu ɗaya, sai ta ratsa ta cikinsa kai tsaye. Samfurin da bai san wannan bambanci ba, ba bango yake kwaikwaya ba.

Yadda ake tafiyar da ita a kwamfuta

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu na fi yarda da ita ga ƙarfe, ita ce a rarraba abin zuwa raga mai ƙananan idanu, a zana tsagar a cikinta. A bakin tsaga ana jera idanu kamar takwas a zagaye, kuma a kowane gefen da ya taɓa bakin ana matso da ƙullin tsakiya, wato ɗigon lissafin da ke tsakiyar gefen, zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Wannan dabara ta Henshell da Shaw da kuma Barsoum ce, daga tsakiyar shekarun 1970, kuma ita ke sa ragar ta iya nuna yadda tsanani ke tashi a can. Girman ido a wurin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na tsawon tsagar. Sai a ɗora nauyi, a fitar da K na ɗaya da na biyu ta hanyar lissafin kewaye irin wanda Rice ya kawo a 1968 mai suna J. Ana yin kewaye biyar ko shida, a watsar da na farko, a duba ko sauran sun zo ɗaya. In suna ta hawa ko sauka, ragar ba ta yi ba. Daga nan a lissafa kusurwa, a ƙara wa tsagar ɗan tsawo, a sake saƙa raga, a maimaita. Manhajar FRANC2D ta jami'ar Cornell don wannan aka yi ta. Code_Aster na kamfanin lantarkin Faransa kyauta ne, Gmsh ma kyauta ne wajen saƙa raga, kuma aikin fuska biyu ba ya bukatar fiye da laftof ɗin ɗalibi.

Tsawon matakin nan yana da tarko. In ya yi girma, tsagar za ta wuce inda ya kamata ta juya, K na biyu ya sauya alama, ta dawo, ta sake wucewa, hanyar ta fito kamar haƙoran zarto. Maganin shi ne a gudanar da aikin sau biyu, na biyun da rabin matakin. In hanyoyin sun hau kan juna, an samu. Kusa da rami ko walda a ƙara rage matakin, domin rami yana janyo tsaga zuwa gare shi, kuma ko za ta faɗa ciki ko ta goge shi ta wuce, 'yan milimitoci ne ke yanke hukunci.

Wata hanyar ragar mai suna XFEM, da Belytschko da abokan aikinsa suka fito da ita a 1999, ta cire wahalar sake saƙa raga: tsaga na ratsa idanun yadda take so. Tana cikin manhajojin Abaqus da ANSYS. Sauƙin yana ruɗi, don har yanzu wata ƙa'ida ce ke zaɓa mata kusurwa, kuma raga mai manyan idanu tana ba da hanya marar kyau cikin natsuwa.

Sabuwar hanyar da ta cika mujallu yanzu ta samo tushe daga aikin Francfort da Marigo na 1998. Ba a zana tsaga sam. Kowane wuri yana da lamba daga sifili, wato lafiya, zuwa ɗaya, wato ya karye, kuma tsagar tana bayyana a matsayin siririn zirin lalacewa mai faɗin da aka zaɓa, ℓ. Farawa, juyawa, rabuwa biyu da haɗuwa duk suna fitowa da kansu daga neman mafi ƙarancin kuzari. Kuɗinta tsada ne. Idon raga dole ya kasance rabin ℓ ko ƙasa, a duk inda tsagar za ta iya bi. ℓ ɗin ma ba ado ba ne, shi ke tsayar da ƙarfin da abin zai fara tsagewa, don haka daga ƙarfin ja na gaske ake fitar da shi. Dole a raba kuzarin ja da na matsa, in ba haka ba samfurin zai tsage a ƙarƙashin inda aka ɗora nauyi. Dole kuma a hana lalacewa komawa baya, kada tsaga ta warke idan an sauke lodi. Wanda ya iya Python zai iya rubuta ta a FEniCS, amma ya shirya wa dogon jira, kuma da irin wutarmu ya riƙa ajiye sakamako bayan kowane mataki.

Kankare ba ƙarfe ba ne

A gaban tsagar kankare akwai yanki mai faɗi na ƙananan tsagogi, tsakuwa na riƙe da leɓunan biyu. Hillerborg a 1976 ya ba da ma'aunin wannan yanki: taurin abin sau kuzarin karyewa, a raba da murabba'in ƙarfin ja. Da taurin megafaskal 30,000, ƙarfin ja megafaskal 3, kuzarin karyewa wajen nutan 100 a mita, amsar ta kai kusan santimita 33. Linta ko rufin kankare (dakin) mai kaurin santimita 15 bai ma kai wannan ba, don haka lissafin K ba ya aiki a kansa. Sai a babban abu kamar jikin madatsar ruwa yake komawa daidai. Ga ƙananan sassa ana amfani da tsagar da ke riƙe da ɗan ƙarfi yana raguwa yayin da take buɗewa. Wanda ya sa kankare ya yi laushi a samfurinsa ba tare da ɗaure laushin da girman idon raga ba, kamar yadda Bažant ya tsara a 1983, zai ga duk lokacin da ya ƙara ƙanƙanta raga abin yana ƙara saurin karyewa.

A nan Kebbi, nauyin da ke tsaga kankare sau da yawa ba wanda aka ɗora masa ba ne. Kankare na miƙewa ko takurewa da kusan kashi 10 cikin miliyan a kowane digiri. Daɓen da aka zuba da zafin rana, dare ya yi ya sauka da digiri 20, in an hana shi motsi zai ji ja na megafaskal 6, ninki biyu na abin da yake iya ɗauka. Iskar hunturu na ƙara nata ta hanyar busar da fuskar da wuri. Lakar fadama kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani, harsashi na hawa da sauka tare da ita. Samfurin da aka ɗaure gindinsa kam, aka ɗora masa nauyin rufi kawai, ba zai taɓa nuna tsagar da ke bangon ba. Motsin ƙasa ake sa masa a matsayin lodi, kuma sai an auna shi: a sa alama biyu a gefunan tsagar, a riƙa auna tazararsu da kwanan wata, daga bazara har bayan damina.

Yawancin samfuran da suka ɓata, a nan suke ɓata. An ɗaure wurin da a gaske yake ɗan juyawa, sai K na biyu na ƙarya ya bayyana. An yanke rabin abin don rage aiki, alhali yin haka ya tilasta wa tsagar tafiya a miƙe. An manta da tsananin da walda ke bari bayan ta huce, wanda kan kai kusa da inda ƙarfen ke fara miƙewa. An haɗa C na mita da K na milimita: bambancinsu 31.6 ne, da m = 3 kuwa, 31.6 sau 31.6 sau 31.6, kuskuren ya haura ninki 30,000. Ko kuma an yi amfani da K a siririn ƙarfe mai laushi har zuwa ɓallewa, alhali yankin da ya miƙe a bakin tsagar ya riga ya yi girma. Kafin a yarda da kowane samfuri, a fara gwada shi a kan faranti mai tsagar gefe, a ga ko zai dawo da 1.12 ɗin nan da kuskuren da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Ɗalibi a kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar Aliero zai iya ƙara gwaji mai arha: farantin roba mai kama da gilashi, a huda masa ramuka, a yi masa ɗan tsagi da zarto, a danna shi a kan madogara biyu, a kwatanta hanyar da ya tsage da wadda kwamfuta ta zana.

Ilimin nan yana da amfani ko babu kwamfuta. Ramin da makanikai ke hudawa a bakin tsaga lissafin Inglis ne: taruwar tsanani ita ce 1 + 2√(a/ρ), inda ρ yake rabin faɗin bakin. Tsagar milimita 20 mai bakin 0.01 tana ninka tsanani kusan sau 90. A huda rami mai faɗin milimita 10, ninkin ya faɗo wajen 5. Sharaɗin shi ne ramin ya cinye ainihin bakin, wanda kullum yana gaba da inda ido ke gani. A wanke wurin, a shafa kananzir, a bar shi ya shiga, a goge, a barbaɗa garin alli: layin da ya jiƙe shi ne tsagar. A huda a ɗan gaban ƙarshensa, a goge cikin ramin ya yi santsi. Wannan sayen lokaci ne kawai. Gyaran gaske shi ne a fafe tsagar da giranda har ƙarshenta kafin walda, kuma facin da za a ɗora kada ya ƙare da walda a gicciye a wurin da lanƙwasa ta fi ƙarfi, don sabuwar tsaga daga gindin waldar za ta tashi.

A daɓen kankare kuwa ba a hana tsaga, ana zaɓa mata hanya ne. Ana yanka tsagi mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen, a tazarar da ta kai ninki 24 zuwa 36 na kaurin. Ga santimita 15, wajen mita 4 ke nan. Fale-falen su kasance kusa da murabba'i, kuma duk kusurwar da ta shigo ciki, kamar gindin ginshiƙi ko bakin kwalbati, a kai mata tsagi ko a gicciya mata rodi biyu. A yi yankan da zarar kankaren ya iya ɗaukar zarto ba tare da tsakuwa ta ɓantale ba, galibi cikin awa 6 zuwa 18. Da zafin Afrilu a Birnin Kebbi, wanda aka zuba da safe a yanka shi kafin dare, kada a bar shi sai gobe.